Robar Haƙori a Ƙafar Motar Baba

Tun da aka sayi motar gidan, makullinta a ƙusa ɗaya yake kwana, bayan ƙofar falo, ƙarƙashin wata kalanda da aka daina juyawa. Ranar da Yaya, babban ɗan gidan, ya cire shi ya jefa a aljihu, sai ƙusar ta zama kamar baƙuwa a falon. Kowa ya zo wucewa sai ya saci kallonta.

Wadda ta fi kowa kallonta ita ce autar gidan, wadda Baba ke kira Kwandasta tun tana 'yar ƙarama tana zama gefensa a cikin tirela. Ta gama jami'a tana zaman jiran aiki, ga kuma waya da likita ya ɗaura mata a haƙora don su daidaita, abin da ake yi wa yara ita sai da ta girma. Tun daga nan ta koyi magana da hannu a baki, dariya kuwa ta hanci take fitar da ita. Mutumin da ba ya yawan magana idonsa ke aiki, don haka babu abin da ke wuce ta a gidan.

Abin da ya jawo ɗauke makullin ma ba motar gidan ba ce. Wata 'yar mota ce da ba ta fi tsawon kamu biyu ba, mai manyan tayoyi, wadda ake tuƙawa da rimot. 'Ya'yan ne suka haɗu suka saya wa Baba da ya ajiye aiki, don zolaya kawai: mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babbar mota, ga mota an kawo masa har ɗaki. An zaci zai yi dariya ya miƙa wa jikoki. Baba bai yi dariya ba. Ya kifa ta ya leƙa cikinta, ya danna tayoyin da yatsa, ya ce wanda ya ƙera wannan ya san mota. Ba a daɗe ba ya gano wasu dattawa irinsa da ke haɗuwa duk Asabar a bayan wani tsohon gareji. Sun tara duwatsu da tsofaffin tayoyi, sun ɗora dogon katako a kan kwalbati sun sa masa suna gada.

A kan gadar nan abin ya faru, kuma Kawu Tela, abokin Baba tun na samartaka, shi ya ɗauka a waya. A bidiyon ana ganin 'yar motar Baba ta hau katakon lafiya, ta ɗan yi gaba, sai ta fara tafiyar wanda aka tasa daga barci, gaba na neman hagu baya na neman dama. Daga nan ta kife cikin kwalbatin, ƙafafu a sama. Ana jin muryar Kawu Tela yana cewa, "Fasinjoji a sauko, an iso!" Ya tura wa Mama, Mama ta tura wa 'ya'ya don a yi dariya.

Kowa ya yi, ban da Yaya. Washegari sai ga shi a gidan, ya zauna a bakin kujera yana murza hannuwa.

"Baba, ba raini ba ne," ya ce. "Kwanan baya madubin mota ya gogi ƙofar gida. Yanzu kuma ga wannan. Hannun nan yana son hutu."

"Wane hannu, Manaja?" Haka Baba ke kiransa tun da ya fara ɗaura agogo. "Hannuna lafiyarsa ƙalau. Motar ce ke da girgiɗi a ƙafa."

"Baba, motar wasa ce fa."

"To motar wasa ba ta da ƙafa?"

Yaya ya yi murmushin wanda ya riga ya gama shawara. "Shi ke nan. Ranar da ta haye katakon nan da hannunka, ni da kaina zan dawo maka da makullin."

Baba ya juya wajen Mama. "Kin ji shi ko? Ke ce shaida."

"Ni ba ruwana, Malam," in ji Mama. "Ni dai a daina shafa min baƙin mai a teburin cin abinci."

Kwandasta tana bakin ƙofar kicin. Ta daɗe da lura cewa idan Baba na motsa shayi, cokalin na buga kofin fiye da yadda ake buƙata. Ta lura ya daina sa maɓallin wuyan riga, yana cewa zafi. Amma ta kuma ga fuskarsa lokacin da makullin ya shige aljihun Yaya, sai ta haɗiye abin da ta sani.

Bayan Yaya ya tafi Baba ya kira ta. "Kwandasta, zo ki gani da idonki, kada a ce tsoho na kare kansa."

Ya kwantar da motar rigingine a kan teburin da aka hana. A ƙarƙashinta akwai 'yan sanduna sirara kamar fensir, su ke riƙe da ƙarfen tayoyin gaba da na baya a jikin motar. Kowace sanda a bakinta akwai ɗan ƙoƙon roba da ya haɗiye 'yar ƙwallon ƙarfe, kamar gaɓar kafaɗa, don taya ta iya hawa dutse ta sauka. Yawan hawa da sauka ya sa ƙoƙunan sun buɗe, ƙwallayen na yawo a ciki. Baba ya riƙe gangar motar da hannu ɗaya ya girgiza tayoyin baya da ɗayan. Ƙas, ƙas, ƙas.

"Kin ji? Kowace gaɓa ta yi lako-lako ɗan kaɗan. Ki tara kaɗan ɗin nan wuri guda, sai ki ga baya ya rabu da gaba. Ko wa aka ba rimot ɗin nan sai ya kwana a kwalbati."

Ta taɓa da kanta. Gaskiya ne, akwai girgiɗi, irin na haƙorin da ke shirin fita.

Mai shagon kayan wasan ya ce sababbin ƙoƙuna sai an aiko da su, yaushe kuwa, bai sani ba. Baba ba shi da wannan haƙurin. Tun da aka ɗauke makullin a tasi yake yawo, kuma ba ya iya zama a mota yana kallon wani na tuƙi ya yi shiru. Mama ta ce masu tasin bakin titi sun fara gane shi, da sun hango hularsa sai su ce a cike suke.

Sai ya shiga gwaje-gwaje. Ya karɓo zare wurin Kawu Tela ya naɗe wuyan ƙwallayen, zaren ya warware ya nannaɗe taya. Ya yayyanka leda ya cusa tsakanin ƙoƙo da ƙwallo, ta yi aiki har zuwa dutsen farko. Ya ɗiga gam, gaɓa ɗaya ta sandare kamar gwiwar mai amosani, babban yatsansa kuma ya manne da manuni, ya yini yana nuna wa kowa alamar komai lafiya. Mama ta jiƙa masa hannun a ruwan ɗumi tana cewa, "Da tirelar ma haka kake gyara ta, Allah ne ya tsare bayinsa."

A cikin wannan hidimar ne robobin Kwandasta suka fara raguwa. Wasu 'yan mitsi-mitsin robobi ne, zagayensu bai kai na ƙwayar wake ba, waɗanda take maƙalawa daga haƙorin sama zuwa na ƙasa, kowace safiya ta cire tsofaffi ta sa sababbi. A 'yar leda mai hoton zomo suke zuwa, tana ajiye ta a kan kantar banɗaki kusa da buroshin haƙori. Ledar ta fara ramewa da sauri. Da farko kanta ta zarga, ta ce ko zubar da su take yi. Sai wata safiya Mama ta tsamo ɗaya daga gwangwanin sukari. Wata kuma ta bayyana a kan labule, can sama, inda ba bakin da zai kai.

Ta fito falo ta tarar da Baba ya duƙufa a teburi, tabarau a kan hanci, hantsakin Mama a hannu, yana kokawa da roba. Ya ja ta, ta kufce, ta tashi sama ta faɗa cikin kofin shayinsa.

"Baba," ta ce ta bayan tafin hannunta. "Wannan ai ta bakina ce."

Ko gezau bai yi ba. "Sabuwa ce, ba ki sa ta ba. Na duba."

"In sun ƙare fa?"

"Haƙoranki ai ba gada za su hau ba." Ya ture mata motar gabanta. "Taɓa wannan. Guda ɗaya na samu ta shiga tun safe."

Robar ta zauna a wuyan 'yar ƙwallon, ta tokare ƙoƙon daga ƙasa, daidai kamar don wurin aka yi ta. Kwandasta ta girgiza sandar. Shiru. Ta lanƙwasa ta sama da ƙasa, tana tafiya sumul, ba ta sandare ba. Ta so ta ci gaba da fushi amma abin ya burge ta.

"Kawo," ta ce.

Ita da take maƙala su a bayan baki kowace safiya ba tare da madubi ba, wannan wasa ne. Ta ɓalle ƙoƙo, ta zura roba da farce, ta mayar da ƙoƙon, ƙat. Baba ya bi yatsunta da kallo, sannan ya kalli nasa, sannan ya ɗauki kofin shayin ya shiga neman robar da cokali.

Ledar zomon ba ta isa ba, dole ta koma asibitin haƙori kafin ranarta. Ta tsaya gaban teburin ma'aikaciyar ta faɗi buƙatarta a hankali, yadda ba wanda zai ji.

"Har sun ƙare?" in ji ma'aikaciyar da ƙarfi. Ta juya wajen masu jira a kan benci. "Kun gani ko? Ga mai bin dokar likita. Wasu sai leda ɗaya ta shekara a jakarsu." Ta ba ta leda biyu, har da dafa mata kafaɗa. Kwandasta ta fito tana jin kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ana gobe Asabar, da la'asar, suka gama. Babu gaɓar da ba su sa wa roba ba, gaba da baya. Baba ya ce tunda abu ya samu, har 'yar sandar sitiyari, wadda ke juya tayoyin gaba, a ɗaure ta. Aka ɗaure. Ya ɗaga motar ya jijjiga ta kusa da kunnensa kamar mai gwada kwakwa. Ko ƙas.

Suka fita tsakar gida. Kwandasta ta jawo katakon tsohon gado daga sito ta ɗora a kan bokitai biyu da aka kife, ta aza motar a bakinsa. Baba ya kunna rimot. A gefen rimot ɗin akwai ɗan sitiyari kamar murfin kwalba, ya kama shi da yatsu biyu, ya gyara tsayuwa.

Motar ba ta ko motsa ba tukuna, amma tayoyin gabanta suka fara rawa. Hagu, dama, hagu, dama, ƙanana-ƙanana, da sauri, kamar mai jin sanyi. 'Yar na'urar da ke juya su tana ta zzz, zzz.

"Batir ne," in ji Baba.

"Yanzu muka cire shi daga caji."

"To wayar ciki ce. Riƙe min in duba."

Ya miƙa mata rimot ɗin. Yatsunta na kama ɗan sitiyarin, tayoyin suka tsaya cak.

Famfo na ɗiga a gefe. Kwandasta ta gane abin da ya faru kafin ta so ta gane. Da can, lako-lakon sandar sitiyari shi ke shanye 'yar rawar hannun Baba kafin ta isa taya. Yanzu sun toshe ko'ina, duk abin da yatsa ya yi sai taya ta faɗa wa duniya. Da sauri ta shiga karkaɗa nata yatsun, tayoyin suka koma rawa.

"Ka gani, Baba, ni ma tana yi min."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Kwandasta, fasinja ake yi wa ƙarya, ba direba ba."

Ya zauna a kan wani bokiti, ya ɗora hannuwansa a gwiwa yana kallonsu kamar wasu yaran mota da ya kama suna sayar da mai. Ita kuwa ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta sa shi a kan famfo. Daga kicin ana jin Mama na jera kwanuka.

"Ƙafar dai tana da girgiɗi," ya ce can. "Ban yi ƙarya ba."

"Ba ka yi ba, Baba."

"To." Ya ja numfashi, ya miƙa hannu a ba shi motar. Ya kifa ta a cinya ya daɗe yana kallon sandar sitiyarin. Sai ta ga gefen bakinsa ya motsa. "Ni ma dai da abin kunya. Duk tirelar da na taɓa tuƙawa, sitiyarinta yana da ɗan sarari. Kina iya motsa shi haka, haka, motar ba ta sani ba. In babu wannan, atishawa ɗaya sai ki tsinci kanki a gonar mutane. Cire na sitiyarin. Na ƙafa ki bar su."

Ta cire. Ya kama rimot, yatsun na 'yar rawarsu, tayoyin suka yi biris da su. Motar ta hau katakon gadon ta sauka ɗaya gefen a miƙe. Ya sake, ta sake. Baba ya ƙwala wa Mama kira ta zo ta gani, ta leƙo ta taga ta ce a mayar mata da bokitanta.

Kafin magariba Yaya ya kira Kwandasta a waya. "Auta, ke ce a gida. Ki faɗa min gaskiya, ya kika ga hannunsa?"

Ta kalli ƙusar bayan ƙofa. In ta faɗa, ta kwance wa Baba zani a gaban ɗansa, bayan ita ya kira ta gani da idonta. In ta yi shiru, gobe makullin zai dawo, kuma titi ba katakon gado ba ne.

"Motar dai ta gyaru," ta ce.

"Ba motar na tambaye ki ba."

"Yaya, ana kirana a kicin."

Da safe ta canza robobin bakinta, ta canza na motar, don ta lura baƙin mai na cinye su. Yaya ya zo ya ɗebe su a motar gidan, ita da Baba. Tun daga ƙofar gida har bayan garejin Baba bai rufe baki ba: an makara da canza giya, an taka burki kamar ana kashe kunama, wa ya koya wa Manaja shan kwana.

Filin na warin tsohon mai da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Dattawa sun jera kujerun roba a inuwar bango, kowa da motarsa a gabansa da akwatin kayan aiki, fulas ɗin shayi na zagayawa. Kawu Tela ya taso da tef ɗin awo a wuya, wai da shi yake auna faɗin gada kada a yi maguɗi.

"A'a, direban kwalbati! Yau har da 'yan rakiya? Ko masu ɗaukar gawa ne?"

"Ka tanadi wayarka," in ji Baba. "Yau za ka ɗauki abin nuna wa jikoki."

Kawu Tela ya karɓi motar ya jijjiga. Ya sake jijjigawa. Ya kife ta ya kawo ido kusa. "Kai, wannan wace irin roba ce? Ban taɓa ganinta a shago ba."

"Ba a shago ake samunta ba," in ji Baba yana gyara hula. "Sai da izinin likita."

Dattawan suka taso suka kewaye motar, ana miƙa ta hannu zuwa hannu. Kwandasta ta ja baya ta laɓe a bayan Yaya, leɓunanta a rufe gam.

Aka aza motar a bakin gada. Katakon ya fi na gida tsawo, ya fi shi siranta, tsakiyarsa kuma ya ɗan lotsa. A ƙasa ruwan kwalbatin ya yi kore. Yaya ya harɗe hannuwa. Kawu Tela ya ɗaga waya.

Kowa motar yake kallo, ita kaɗai ke kallon hannun Baba. Yatsun suna rawarsu, yau ma har sun fi jiya. Motar ta hau a hankali, tayoyin baya na bin sawun na gaba kamar an ja musu layi. Ta gangara cikin lotsawar, ta fara haurawa. Dab da ƙarshe yatsan Baba ya yi wata fizga da ta wuce ɗan sararin da suka bari, gaban motar ya karkata, tayar baya ɗaya ta leƙa waje, rabinta a iska.

"Fasinjoji..." Kawu Tela ya fara.

Baba ya saki komai. Motar ta tsaya. Ya goge tafinsa a riga, ya sake kamawa, ya ɗan ja da baya kamar mai fitar da tirela daga lungu, ya miƙe ta, ya ba ta wuta kaɗan. Ta sauka a ƙasa ɗaya gefen, ta yi 'yar girgiza kamar kaza ta fito daga ruwa.

"...a ci gaba da zama," Kawu Tela ya ƙarasa.

Aka ɗauki tafi da shewa. Wani dattijo ya buga murfin fulas a kujera. Yaya ya sosa ƙeya, ya zaro makullin ya miƙa da hannu biyu. Baba ya karɓa, ya ɗan jinjina shi a tafi, ya sa a aljihun gaba inda kowa zai ga tudunsa.

Ya sha shayi kofi biyu. Ya ba da labarin wata gada ta gaske da ya taɓa hayewa da lodin siminti, gadar na ƙara siranta duk lokacin da wani ya yi tambaya. Kwandasta ba ta ji rabin labarin ba, aljihun kawai take kallo.

Da aka tashi, Baba ya ɗauki motarsa a hammata ya nufi motar gidan, kai tsaye ɓangaren direba. Ya buɗe ƙofar. Yaya ya ja gefe, alkawari ya riga ya ɗaure shi. Kwandasta ta tako gaba. Ba ta san lokacin da ta sauke hannunta daga baki ba.

"Baba!" ta ce, da ƙarfin da ya sa dattawan suka waiwayo.

"Me kike jira?" in ji Baba, yana riƙe da ƙofar. "Shiga mana. Shekara nawa kina kwandasta? An ƙara miki girma."

"Ni?"

"Ba Manaja ya kai ki makarantar tuƙi ba? Ko lasin ɗin na ado ne?"

Lasin yana nan a durowa tun ranar da aka ba ta. Sau ɗaya ta fita titi, wani ya danna mata hon, ta dawo gida ta ce ta yafe.

"Baba, Auta fa ba ta saba ba," in ji Yaya.

"Makullina ne, Manaja. Ni ke cewa wa zai tuƙa ni. Kai shiga baya." Ya saka mata makullin a tafi, ya rufe yatsunta a kai da nasa, ta ji 'yar rawar ta ratsa hannunta. Ya rage murya. "In mun isa, a ƙusata za ki rataye shi."

Kawu Tela kuwa ba makullin yake kallo ba. Tun da ta buɗe baki ya ƙura mata ido, ya matso yana leƙe kamar mai duba ɗinki.

"Tsaya, tsaya. 'Yata, ce 'a' in gani." Ya juya wajen sauran. "Jama'a, ku zo ku ga izinin likita! Ashe shagon kayan gyaran a bakin yarinyar nan yake!"

Dariya ta ɓarke. Ta so ta rufe baki, amma hannu ɗaya na riƙe da makulli ɗayan na riƙe da ƙofa, sai dariyar ta fito ta inda ya kamata, waya da robobi duk a waje. Kafin ta zauna mutum uku sun tambaye ta yaushe za ta koma asibiti.

Ta tayar da motar, ta mutu. Ta sake, ta yi tsalle ta mutu. Kawu Tela na ɗauka a waya. A na gaba ta tashi, suka fita daga filin da tafiyar hawainiya. Baba na gefenta, 'yar motarsa a cinya.

"Sassauta hannu, kin shaƙe sitiyarin. Ba guduwa zai yi ba. Saki kuloci a hankali. A hankali na ce, ba gobe ba."

Wani ya danna hon a bayansu, kafaɗunta suka ɗaga.

"Rabu da shi, gaisuwa ce," in ji Baba, ya fitar da hannu ta taga ya amsa.

Da suka iso gida Mama ta buɗe musu ƙofa, ta ga wadda ke tuƙi, ta koma can bayan tukunyar fulawa ta tsaya. Kwandasta ta karya kan motar ta shiga tana addu'a a zuci. Madubin gefe ya wuce ginshiƙin ƙofar da abin da bai fi kaurin yatsa ba, daidai inda tsohon tabon fenti yake. Yaya ya ja iska ta haƙora.

Baba ya juyo baya, fuskarsa cike da nasara.

"Ka gani ko, Manaja? Tun yaushe nake faɗa muku ƙofar nan ce ta matse."